Arewacin Gana da Neman Likita Ɗan Gida

Duk Bahaushen da ya tashi a gaban tsofaffi ya san sunan Gwanja. Can ne fatake suke kora jakuna su sayo goro a kasuwar Salaga, tafiyar wata da watanni, har waɗansunsu suka yi zango suka zauna, jikokinsu kuwa suna nan har wa yau a Yandi, da Tamale, da Bawku, da Kumasi. Wannan ƙasa ita ce ake kira arewacin Gana yanzu. Ta yi kama da ƙasar Hausa ƙwarai: dawa da gero, kaɗanya da kuka, damina ɗaya a shekara, sa'an nan hunturu da ƙurarsa. Cuce-cucen ma kusan iri ɗaya ne. Akwai wani labari nata da ya kamata mai karatu ya sani, watau yadda mutanen wurin suka yi shekara ɗari da 'yan kai suna neman hanyar da yaron ƙauye zai bi ya zama likita, ko nas, ko ungozoma, ya kuma komo ya yi aiki a cikin danginsa.

Turawan Ingila sun kafa mulkinsu a kan arewa a farkon 1902, suka haɗa ta da ƙasar da ake kira Gwalkwas a lokacin. Amma ba su dube ta da idon da suka dubi kudu ba. A kudu akwai zinariya, akwai koko, akwai tashar jiragen ruwa. A arewa abin da suka gani shi ne ƙarti. Sai suka riƙa aika wa sarakuna a ba su samari, a kai su haƙar zinariya a Tarkwa da Obuwasi, ko aikin hanyar jirgin ƙasa, ko soja. Daga baya samarin da kansu suka saba da tafiya cin rani gonakin koko. Wanda yake bukatar lebura ba ya ɗokin gina makaranta. Karatu dai akwai shi tun kafin zuwan Turawa, gama Salaga da Wa da Yandi suna da malamai da makarantun allo, da masu rubutun Larabci da ajami. Sai dai ƙofar aikin asibiti irin na zamani ba ta buɗuwa sai da takardar boko, ita ce kuwa aka yi wa arewa ƙwauro.

A 1906 waɗansu fada-fada na Katolika, na ƙungiyar da ake kira White Fathers saboda fararen rigunansu, suka gangaro daga Wagadugu suka zauna a Navrongo. Shekara ta zagayo suka buɗe 'yar makaranta. Gwamnati ta buɗe tata a Tamale a 1909, ta ƙara ɗaya a Gambaga a 1912, wata kuma a Wa a 1917. Sarakuna da yawa ba su yarda da abin ba, in aka ce su kawo 'ya'yansu sai su turo maraya ko ɗan bara. Hukuma kuma ba ta sakar wa 'yan mishan mara ba. Metodis sun gwada zama a Tamale gab da yaƙin duniya na ɗaya, ba su yi shekaru ba suka tattara kayansu.

Ga lissafin da ya fi kowane bayyana nisan da ke tsakanin sassan biyu. Makarantar sakandare ta fari a kudu, wadda ake kira Mfantsipim yanzu, Metodis suka kafa ta a Cape Coast a 1876. Ta fari a arewa, gwamnati ta buɗe ta a Tamale a 1951. Tsakani shekara 75 ke nan. Benjamin Quartey-Papafio, mutumin Akra, ya gama karatun likita a Edinbara a 1886, shekara ashirin da ɗaya kafin yaro ko ɗaya ya zauna a benci a Navrongo. Susan Ofori-Atta, mace ta fari da ta zama likita a ƙasar, ta gama a 1947, arewa kuwa ba ta da sakandare tukuna. Gwamna Guggisberg, wanda ake yabo saboda asibitin Korle Bu na 1923 da makarantar Achimota ta 1927, duka biyu a Akra ya gina su. Tun wajen 1930 gwamnati ta fara biya wa 'yan ƙasa kuɗin karatun likita a Ingila, ba a kuma rubuta a ko'ina cewa ban da ɗan arewa ba. Ba a bukatar a rubuta. Sharaɗin shi ne takardar gama sakandare, sai kuwa 'yan tsirarun da aka tsinta aka kai Achimota suke da ita.

Ana cikin haka cuta ba ta jira kowa ba. Sanƙarau yakan zo da rani ya kwashe dubbai. Ciwon barci ya yi ɓarna ƙwarai a shekarun 1930. A bakin kogunan Volta akwai wani ɗan ƙuda da cizonsa yake kawo makanta, har mutane suka bar gonaki masu kyau suka gudu kan tudu, a waɗansu ƙauyuka kuwa yaro ne yake jan ubansa da sanda. Kurkunu yana kwantar da manoma daidai lokacin shuka. Tilas ce ta sa aka kafa matakin tsani na fari. Likitocin Turawa da ke yaƙi da ciwon barci suka ga ba za su iya zagaya ƙauyuka su kaɗai ba, sai suka ɗebi samarin da suka ɗan taɓa makaranta, suka koya musu taɓa wuya su gane kaluluwa, da duba jini a madubin likita, da yin allura. Daga nan aka sami ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya masu yawo, waɗanda hedkwatarsu take Kintampo. Waɗannan samari sun yi aikin da ya ceci rayuka masu yawa, a ƙafa da kan keke. Amma tsanin nasu gajere ne. Kome ƙwazon mutum, mataimaki zai shiga, mataimaki zai yi ritaya.

Asibitocin mishan su ma tilas ce ta koya musu. Fada Remigius McCoy da abokan aikinsa sun isa Jirapa a ƙasar Dagaba a 1929, da wankin gyambo da ba da magani suka fara sabawa da mutane. Sistoci suka biyo baya, a shekarun 1950 kuwa Jirapa ta zama wurin koyar da nas da ungozoma. Ikkilisiyar Presbiteriya ta karɓi asibitin Bawku a 1956, inda har yau ake zuwa daga Togo da Burkina Faso neman maganin ido, akwai kuma makarantar nas a gefensa. Baptis suka buɗe nasu a Nalerigu a 1958 a ƙarƙashin Dokta George Faile, a filin da Nayiri, sarkin Mamprusi, ya bayar. Abin da dukansu suka tarar ɗaya ne. Arewa tana da harsuna barkatai, Dagbani, da Mampruli, da Kusal, da Gurene, da Kasem, da Dagare, da Sisala, ga Hausa a kasuwa da zango. Nas da aka kawo daga kudu ba ta jin ko ɗaya, mace mai naƙuda kuwa ba ta iya faɗa wa tafinta namiji abin da ke damunta. Ga kuma kewar gida, da zarar ta sami hanya sai ta koma. Saboda haka sai a koyar da 'yar gida. To, ina za a same ta? Sai an koma baya an gina mata makaranta tukuna. Sakandaren 'yan mata ta Saint Francis a Jirapa, wadda aka buɗe a 1959, amsar wannan tambaya ce. Peter Dery, ɗan Dagaba na fari da ya zama fada, wanda ya zama bishop na Wa a 1960, ya ba da ƙarfinsa sosai wajen neman wa yaran ƙasarsa makarantu da gurbin karatu a ciki da waje.

A faɗi gaskiya, mishan ma sun fi saurin koyar da hannuwa da su koyar da shugabanni. An daɗe nas da mai haɗa magani 'yan gida ne, likita kuwa baƙo ne mai zuwa da komawa. Ba lalle mugun nufi ba ne, gama karatun likita yana cin kuɗin da ƙaramar mishan ba ta da shi, amma sakamakon bai bambanta da na gwamnati sosai ba.

Da aka doshi mulkin kai, 'yan bokon arewa, waɗanda yawancinsu malaman makaranta ne da suka fito daga kwalejin horon malamai ta Tamale da aka buɗe a 1944, suka ga in aka tafi a haka za su fita daga hannun Bature su faɗa hannun ɗan kudu. A 1954 suka kafa jam'iyyar mutanen arewa, da S. D. Dombo da Mumuni Bawumia a cikin jagororinta, babban kukansu kuwa ilimi. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta amsa da wani tsari na musamman a farkon shekarun mulkin kai: ɗan arewa da ya sami shiga sakandare, hukuma za ta ɗauki nauyin kwanansa da cinsa da karatunsa. Aka kuma ƙara makarantu, kamar sakandaren Navrongo ta 1960, dokar ilimi ta 1961 kuma ta ce firamare kyauta ce, dole ce. Kusan duk wani likita ko babban ma'aikacin lafiya ɗan arewa da ya taso a shekaru hamsin da suka biyo baya, ta wannan ƙofa ya bi. Mutanen kudu sun sha yin gunaguni cewa su ma suna da matalauta, maganarsu kuwa ba ƙarya ba ce. Duk da haka ba gwamnatin da ta yi ƙarfin halin soke tsarin, na soja ko na farar hula.

Tsarin yana da ramuka biyu. Na ɗaya, yana taimakon wanda ya riga ya kai bakin sakandare ne, yaron da ke kiwon shanun ubansa tun yana shekara shida bai san ana yi ba. Na biyu, cin abinci kyauta ba ya koya wa yaro kimiyya. Makaranta tana iya cika da ɗalibai, ba ta da malamin kemistiri, ɗakin gwaje-gwajenta kuwa kwalabe ne wofi. Kuɗin abincin ma yakan makara, har shugabannin makarantu su sallami yara gida a tsakiyar zango domin 'yan kasuwa sun ƙi ƙara ba da masara bashi. Haka ya faru ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ɗan kudu kuwa yana aji yana karatu, jarrabawar kuma ɗaya ce.

Wanda ya tsallake duk wannan, sai ya tarar makarantar likita tana kudu. Ta fari an buɗe ta a Korle Bu a farkon shekarun 1960 a ƙarƙashin Dokta Charles Easmon, ta yaye ɗalibanta na fari a 1969. Ta biyu a Kumasi a 1975. Daga Tamale zuwa Akra kusan kilomita 600 ne. Saurayi ya yi shekara shida ko bakwai a birni, ya yi aure a can, malamansa suna can, hanyar ƙarin karatu tana can, sa'an nan a ce ya koma inda shi kaɗai zai zama likita a gunduma guda, ba hutu dare da rana. Kaɗan ne suka koma. Makarantar Kintampo da aka kafa a 1969 domin horar da mataimakan likita ita ta riƙe ƙananan asibitocin karkara, tun daga shekarun 1980 kuma likitocin Kyuba suka riƙa toshe gurabe a asibitocin arewa.

A 1992 gwamnatin Jerry Rawlings ta kafa Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka fi sani da UDS, da hedkwata a Tamale. Rawlings ya ba da dala 50,000 da ya samu na wata lambar yabo ta yaƙi da yunwa domin a fara da su. Shugabanta na fari shi ne Farfesa R. B. Bening, wanda shi ne ya rubuta tarihin ilimin boko a arewacin Gana, saboda haka ya san ciwon tun daga saiwarsa. Sashen likitanci ya fara a 1996. Shekarun farko da wuya suke. Asibitin Tamale, wanda aka gina a 1974, ya lalace, ba shi da ƙwararrun da za su koyar, sai aka riƙa tura ɗalibai Akra da Kumasi su ƙarasa shekarunsu na aikin asibiti, watau aka koma gidan jiya. Sai wajen ƙarshen shekarun 2000 asibitin ya zama na koyarwa, ɗalibi ya iya farawa ya gama a arewa.

Abin da ya bambanta wannan jami'a shi ne ta sa zaman ƙauye a cikin karatu. Ana raba ɗalibai ƙungiya ƙungiya a kai su ƙauyuka su yi makonni, su kwana inda mutane suke kwana, su sha ruwan da suke sha, su ƙirga gidaje, su tambayi abin da ke kashe yara, su rubuta. Masu karatun likita kuma ana tura su ƙananan ɗakunan shan magani shekara bayan shekara. Malaman makarantar da suka bi sawun ɗalibansu sun tarar wannan zama yana rage tsoron karkara a zuciyar matashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2010, ta sa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara da koyar da su kusa da gida a cikin manyan hanyoyin samun ma'aikacin da zai zauna.

Amma jami'a ta ƙasa ce, kowa yana da iko ya nema, kujerar likitanci kuwa sai mai sakamako mafi kyau. A 2000 Farfesa Ivan Addae-Mensah, shugaban Jami'ar Gana a lokacin, ya yi wata lacca da ta tayar da ƙura. Ya bi takardun ɗaukar ɗalibai ya nuna cewa a cikin sakandare wajen ɗari biyar da ƙasar take da su, kamar hamsin ne suke cinye yawancin gurabe, a fannoni irin su likitanci kuwa abin ya fi tsanani. Yawancin waɗannan makarantu a kudu suke, masu shigarsu kuma 'ya'yan masu iya biyan firamare mai tsada ne. Jami'ar Kumasi ta amsa a 2003, zamanin Farfesa Kwesi Andam, ta ware gurabe domin yaran da suka fi ƙwazo a makarantun da ba su da gata, ko da makinsu bai kai na 'yan manyan makarantu ba. Hujjar mai sauƙi ce: yaron da ya zo na ɗaya a makarantar da ba ta da wutar lantarki ya riga ya nuna abin da takarda ba ta iya aunawa.

Darasi mafi daraja dai daga Navrongo ya sake fitowa, ba kuwa a kan likitoci ba. A 1994 cibiyar binciken lafiya ta garin, a ƙarƙashin Dokta Fred Binka, ta fara wani gwaji a ƙasar Kasena da Nankana. An lura nas suna zaune a asibitin gunduma suna jiran marasa lafiya, marasa lafiya kuwa suna mutuwa a gida saboda nisa. Sai aka je wurin sarakuna da dattawa aka yi shawara. Mutanen ƙauye suka gina ɗaki da hannunsu, aka kawo nas ta zauna a cikinsu, aka ba ta babur da akwatin magani, tana bi gida gida, tana rigakafi, tana maganin zazzaɓi da gudawa, tana duba masu ciki. A wuraren da aka yi haka mutuwar ƙananan yara ta ragu da wajen rabi cikin shekara uku. A 1999 gwamnati ta karɓi tsarin ya zama na ƙasa duka, ana kiransa CHPS.

Nan da nan tsohuwar matsalar Jirapa da Bawku ta sake ɗagowa: nas ɗin da za ta zauna a ƙauye sai ta ji harshen ƙauyen. A farkon shekarun 2000 aka buɗe makarantar nas ta lafiyar al'umma a Navrongo a kan wani sabon tsari. Maimakon a tara masu nema a Akra a rarraba su, sai gunduma da jama'a su sa hannu wajen zaɓen 'ya'yansu da suka gama sakandare, a taimaka musu da kuɗin karatu, su yi shekara biyu, su koma yankin da suka fito. Yarinyar da aka zaɓa haka ta san wace tsohuwa ce ake jin maganarta a gidan, ta san ba a shiga wurin mai jego sai an gai da maigida, ta san abin da ake ba jariri a ɓoye. Uwarta tana nan kusa, ba ta ƙirga kwanakin komawa. Daga baya aka riƙa ɗaukar waɗansunsu a ƙara musu karatun ungozoma, tsanin da ya gagari samarin zamanin ciwon barci ya sami mataki na gaba.

Can ƙasa kuma, wurin yaron da bai taɓa shiga aji ba, an yi ƙoƙari. Tun 1995 wani shiri mai suna School for Life yake tara yara masu shekara 8 zuwa 14 da yamma, bayan sun dawo daga gona ko kiwo, wani ɗan garin ya koya musu karatu da lissafi da harshensu wata tara, sa'an nan a sa su a firamare. A 1987 ma'aikatar ilimi ta fara tara 'yan mata lokacin hutu domin a nuna musu mata masu aikin kimiyya da idonsu. Waɗannan suna kokawa ne da wata hanya da ta fi su faɗi, wadda take kwasar 'yan matan arewa zuwa kasuwannin Akra da Kumasi su yi dako da kwano a ka. Ana ce da su kayaye, rabin sunan ma daga kalmar Hausa ce, kaya. A 2017 gwamnati ta mai da sakandare kyauta ga ƙasa duka, ta kuma ware kashi 30 cikin ɗari na guraben manyan makarantu domin yaran da suka fito daga makarantun gwamnati. Da haka gatan da arewa ta riƙe shekara wajen sittin ya zama na kowa, tazarar ɗakin gwaje-gwaje da malamin kimiyya kuwa ba ta rufe ba.

Yau akwai makarantun nas da ungozoma a Tamale, da Yandi, da Nalerigu, da Bolgatanga, da Bawku, da Wa, da Jirapa, da waɗansu garuruwa. Kurkunu ya ƙare, an ga na ƙarshe a 2010. Akwai 'yan arewa ƙwararrun likitoci da suke koyarwa a asibitin Tamale. Duk da haka yawancin likitocin Gana a Akra da Kumasi suke, shugabannin lafiya na jihohin Wa da Bolgatanga kuma sun sha fitowa suna kuka cewa an turo musu sababbin likitoci a takarda, ba su iso ba. Wata sabuwar ƙofa kuma ta buɗe. Nas takan gama karatu ta zauna gida shekara biyu ko uku tana jiran gwamnati ta sami kuɗin ɗaukarta, asibitocin Ingila kuwa suna neman ma'aikata, albashin wata ɗaya a can ya fi na watanni a Bawku. Dubban nas sun bar ƙasar tun bayan annobar korona ta 2020, waɗanda suka fi ƙwarewa ne kuwa suke fara tafiya. In gurbi ya buɗe a Akra saboda wata ta tafi Landan, sau da yawa daga arewa ake samun mai cike shi.